Binciken kimiyya a Najeriya: Hukumomi birjik, amma wa ke riƙe da ragamar?

A ranar 26 ga watan Yunin 2025 ne Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aka tsara manyan tanade-tanadensu su fara aiki daga 1 ga watan Janairun 2026.

Tun lokacin da aka kai ƙudirorin gaban Majalisar Tarayya a ƙarshen 2024, muhawara ta fi zafi ne kan rabon harajin VAT tsakanin jihohi da kuma abin da za a riƙa cira daga albashin ma'aikata.

Sai dai akwai wani sashe da bai ja hankalin jama'a sosai ba, alhali shi ne zai shafi ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasar nan na tsawon shekaru.

Sashen ya haɗe wasu haraji da kamfanoni ke biya daban-daban ya mayar da su guda ɗaya, wato harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 na ribarsu. Daga cikin waɗanda aka haɗe akwai harajin ilimi da ke ciyar da Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, da harajin hukumar ƙere-ƙere ta NASENI da na hukumar fasahar sadarwa ta NITDA.

Wannan sauyi ya sake taso da tsohuwar tambaya: su wane ne ke yanke shawarar abin da masana kimiyyar Najeriya za su bincika, kuma me ya sa kaɗan ne daga cikin sakamakon binciken ke isa gona ko asibiti ko masana'anta?

Abin da sabuwar dokar ta sauya

TETFund ya samo asali ne daga gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. Yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1992, lokacin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabantarta, ita ce ta haifar da dokar soja ta 1993 da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100.

A 2011 aka sake wa asusun fasali, aka taƙaita aikinsa ga manyan makarantun gwamnati kaɗai. Daga baya aka ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan zuwa kashi 3 a 2023.

Ƙudirin farko da fadar shugaban ƙasa ta aika majalisa ya so kason TETFund ya ƙare gaba ɗaya a 2030, a mayar da dukkan kuɗin ga asusun bai wa ɗalibai rance na NELFUND. ASUU ta yi tsayin daka wajen adawa da hakan, kuma a ƙarshe majalisa ta cire wannan tanadi.

A dokar da aka sanya wa hannu, TETFund zai riƙa karɓar rabin harajin raya ƙasar. NELFUND na da kashi 15 cikin 100, NASENI da NITDA kowacce kashi 8, sauran kuma ya tafi ga tsaro da tsaron intanet da hukumar renon sababbin fasahohi.

Lissafin ba shi da wuya. Rabin kashi 4 shi ne kashi 2. Ke nan asusun ya tsira daga rushewa, amma kasonsa na ribar kamfanoni ya sauko daga kashi 3 zuwa kashi 2, inda ya faro fiye da shekara 30 da suka wuce.

Ko kuɗin da zai shiga hannunsa zai ragu ko zai ƙaru, wannan ya dogara ne da yawan ribar da kamfanoni suka ci da kuma ƙwazon masu karɓar haraji.

Nawa ake kashewa kan bincike?

Mafi yawan kuɗin TETFund ba bincike suke tafiya ba. Gine-gine ne da kayan aiki da ɗaukar nauyin karatun malamai, abin da duk wanda ya shiga jami'a ko kwalejin gwamnati zai gani a rubuce a jikin bango.

Ɓangaren da ya keɓanta da bincike na gasa shi ne Asusun Bincike na Ƙasa da aka buɗe a 2009 da Naira biliyan 3. A zamanin Farfesa Suleiman Bogoro an ɗaga shi zuwa biliyan 5 a 2019, biliyan 7.5 a 2020, da biliyan 8.5 a 2021.

Ci gaba ne, amma faɗuwar darajar Naira tun daga tsakiyar 2023 ta cinye kaso mai yawa na amfanin irin wannan ƙari, domin galibin sinadarai da na'urorin gwaji da dala ake sayo su daga waje.

Ƙasashen Afirka sun daɗe da yi wa kansu alƙawarin kashe aƙalla kashi 1 cikin 100 na abin da tattalin arzikinsu ke samarwa a shekara kan bincike. A Legas aka fara rubuta wannan buri a 1980, sannan Tarayyar Afirka ta sake jaddada shi a Khartoum a 2006.

Alƙaluman Bankin Duniya na 2019 sun nuna abin da Najeriya ke kashewa bai kai kashi 0.3 ba. Afirka ta Kudu na kashe wajen kashi 0.6, Masar kusan kashi 1, Koriya ta Kudu kuwa kusan kashi 5.

A 2006 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta sanar da shirin kafa gidauniyar kimiyya ta ƙasa da za a zuba wa dala biliyan 5. Gwamnatin ta sauka a shekara mai zuwa, kuma gidauniyar ba ta tabbata ba.

Kowa da ubangidansa

Ƙarancin kuɗi matsala ce, amma yadda aka yi wa ɗan abin da ke akwai rabon kashin awaki ya ƙara tsananta ta.

Najeriya ba ta rasa cibiyoyin bincike ba, wasunsu ma sun girmi ƙasar. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta faro ne a 1922, ta binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato a 1924, sai ta binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas a 1956.

A 1980 aka kafa ma'aikatar kimiyya da fasaha mai zaman kanta, a 1986 kuma aka fitar da manufar ƙasa ta farko kan fannin. An sake duba manufar a 1997 da 2003 da 2012 da kuma 2022.

A ƙarƙashin wannan ma'aikata akwai hukumomi fiye da goma, ciki har da ta sararin samaniya NASRDA, da majalisar binciken albarkatun masana'antu RMRDC, da ofishin NOTAP mai lura da yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje.

Amma ba ita ke iko da mafi yawan binciken da ake yi a ƙasar ba.

Cibiyoyin binciken noma, kamar ta hatsi da ke Badeggi da ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri, suna ƙarƙashin ma'aikatar noma ne. Cibiyar binciken lafiya ta Yaba da ta harhaɗa magunguna NIPRD da ke Abuja na ma'aikatar lafiya ne.

Jami'o'i da TETFund na ma'aikatar ilimi ne, NITDA ta ma'aikatar sadarwa ce, NASENI kuwa shugaban ƙasa ne da kansa ke shugabantar hukumar gudanarwarta.

Kowacce na da kasafinta da shugabanninta da abin da ta sa a gaba. Galibin abin da ake ware wa cibiyoyin a kasafin shekara na ƙarewa ne a albashi da hidimar ofis, kuɗin ayyuka kuma kan fito a makare ko a fitar da wani ɓangare kawai.

Ga kuma wani giɓi a doka. TETFund, wanda shi ne ya fi kowa tabbatacciyar hanyar samun kuɗi, an kafa shi ne don jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi. Cibiyoyin da aikinsu kacokan bincike ne, amma suke ƙarƙashin ma'aikatu, ba sa cikin waɗanda ke da kaso kai tsaye. Wannan na daga cikin koke-koken da ƙungiyar ma'aikatansu ta ASURI ta daɗe tana yi.

Majalisar da ba ta da doka

Masu tsara manufofi sun san da wannan matsala. Manufar 2012 ta tanadi kafa Majalisar Bincike da Ƙirƙira ta Ƙasa a ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa, wadda za ta zauna da ministocin da abin ya shafa ta tsayar da abubuwan da ƙasa za ta fi bai wa muhimmanci. Ta kuma tanadi asusu guda da zai ɗauki nauyin aikin.

Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da majalisar a farkon 2016. Amma da 'yan majalisa suka zartar da ƙudirin da zai ba ta ƙarfin doka da hanyar samun kuɗi, sai ya ƙi sanya masa hannu a 2018.

A wannan shekarar ce kuma ya fitar da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5, wanda ya buƙaci hukumomin gwamnati su fifita kamfanoni da ƙwararrun cikin gida a kwangilolin kimiyya da injiniya. Umarni ne mai kyau a takarda, sai dai ba ya maye gurbin asusu.

Wasu ƙasashen nahiyar sun riga sun wuce wannan mataki. Afirka ta Kudu ta kafa gidauniyar bincike ta ƙasa tun 1999, Kenya kuma ta kafa nata asusun bisa dokar kimiyya da fasaha ta 2013.

Gwamnatin Tinubu ta ɗauko matsalar ta wani ɓangaren. A watan Fabrairun 2024 ta sanar da aiwatar da rahoton kwamitin Stephen Oronsaye na 2012, wanda ya ba da shawarar rage yawan hukumomi.

A jerin da aka fitar akwai haɗe NASENI da cibiyar PRODA ta Enugu da cibiyar ƙera injunan noma ta Ilorin, da haɗe kamfanin tauraron ɗan'adam na NigComSat da NASRDA, da kuma haɗe cibiyar fatu da ta sinadarai waɗanda dukkansu ke Zariya.

Aikin na tafiyar hawainiya, domin galibin hukumomin dokar majalisa ce ta kafa su, kuma sai da dokar majalisa za a iya rushe su ko haɗe su.

Ko da an kammala haɗewar, za ta rage kuɗin gudanarwa ne kawai. Ba za ta amsa tambayar wanda zai ɗauki sakamakon bincike ya kai shi hannun mai buƙata ba. Labarin wani magani da na wani irin wake sun isa misali.

Darasin maganin sikila

Najeriya ce ƙasar da ta fi kowacce yawan masu cutar sikila a duniya, inda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara.

A shekarun 1990 masanan NIPRD, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe, suka ɗauki wani haɗin gargajiya suka yi masa binciken kimiyya. Daga cikin abubuwan da ke cikinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa.

Gwajin da aka yi kan marasa lafiya ya nuna maganin, wanda aka raɗa wa suna Niprisan, yana rage yawan tashin ciwon. An kuma yi masa rajistar mallakar fasaha har a Amurka.

A 2002 aka bai wa kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa shi, a 2006 kuma Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Abuja da sunan Nicosan.

Bayan shekara biyu kamfanin ya durƙushe saboda matsalar kuɗi, aka janye lasisin, maganin ya yi wuyar samu. Sai a 2018 NIPRD ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker don a ci gaba da sarrafa shi.

Masanan sun yi nasu aikin. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai tantance ƙarfin kamfanin da za a damƙa wa amana, ya tanadi madadinsa idan ya gaza, ya kuma sa asibitocin gwamnati su zama masu saye na dindindin. Iyayen masu sikila ne suka ɗanɗana kuɗar wannan giɓi na kusan shekara goma.

Irin haka ta faru da ɗakin sarrafa riga-kafi na Yaba, wanda ya shafe gomman shekaru yana samar da riga-kafin agana da shawara da cizon mahaukacin kare. An rufe shi a 1991 da sunan gyara, kuma da annobar korona ta zo a 2020 sai da Najeriya ta jira riga-kafi daga waje.

Darasin waken Samaru

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma babban abokin gaban manomi shi ne tsutsar da ke huda fure da kwanso, wadda kan iya lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona idan ta yi yawa.

Masanan cibiyar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, bisa jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, sun shafe kimanin shekara goma suna gwajin wani irin wake da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya kare kansa daga tsutsar.

A 2019 hukumomi suka amince da shi da sunan SAMPEA 20-T, a 2021 kuma aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano. Masu binciken sun ce manomin da ke feshin magani sau shida zuwa takwas a damina zai iya wadatuwa da sau biyu.

Akwai ƙungiyoyin kare muhalli da ke adawa da irin da aka sauya wa halitta, kuma muhawarar ta kai har zauren Majalisar Wakilai a 2024. Amma ta fuskar tafiyar da bincike, aikin ya nuna abin da ake buƙata kafin a kai ga nasara.

An samu kuɗin da bai yanke ba na tsawon shekaru. An samu doka da hukumar NBMA da aka kafa a 2015 don tantance lafiyar irin. An kuma samu kamfanonin iri na cikin gida da aka bai wa izinin yawaita shi da sayarwa.

Sai dai ƙashin bayan aikin daga waje yake. Gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi ce ta haɗa kan masu ruwa da tsaki, hukumar bincike ta CSIRO ta Ostireliya ta yi aikin dasa ƙwayar halittar, hukumar raya ƙasashe ta Amurka USAID kuma ta ba da kuɗi.

Haka abin yake a fannin lafiya. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, inda Farfesa Christian Happi da tawagarsa suka tantance tsarin halittar ƙwayar korona ta farko a Afirka a watan Maris na 2020, ta ginu ne da tallafin Bankin Duniya da na hukumomin lafiyar Amurka. Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ma ta ci gajiyar wannan shiri na Bankin Duniya.

A 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe USAID. Duk ƙasar da ta jingina bincikenta da aljihun wani, dole ta shirya wa ranar da mai aljihun zai sauya shawara.

Halin da masu binciken ke ciki

Bayan batun kuɗi da tsari, akwai yanayin aikin kansa. Jami'o'in gwamnati sun kasance a rufe kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022 saboda yajin aiki.

Gwajin shuka ba ya jiran a sasanta, domin damina ɗaya ce a shekara a mafi yawan Arewa. Samfurin jini ko ƙwayar cuta da ke cikin firji kuwa, 'yan sa'o'i na rashin wuta sun isa su lalata aikin shekaru. Ƙarin kuɗin lantarki na 2024 ya sa jami'o'i da asibitocin koyarwa da dama sun koka cewa ba za su iya biya ba.

Tsarin ƙarin girma ma na da nasa tasirin. Yawan maƙalolin da malami ya wallafa ne ke kai shi matsayin farfesa, ba yawan manoman da suka karɓi irin da ya samar ba. Ba abin mamaki ba ne idan bincike ya ƙare a mujalla da kan kanta.

Su ma kamfanoni ba su cika zuba kuɗi a bincike ba. A Koriya ta Kudu kamfanoni ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, bayan gwamnati ta share fage da kafa cibiyar KIST a 1966 don ta yi wa masana'antu aiki kai tsaye. A Najeriya masana'anta na fama da tsadar wuta da kuɗin ruwan banki, don haka sayo fasaha daga waje ya fi mata sauƙi.

Abubuwan lura nan gaba

Abu na farko shi ne rabon kuɗin TETFund a ƙarƙashin sabuwar doka. Kowace sabuwar jami'a ko kwalejin gwamnati na zuwa ne da nata ƙoƙon. A watan Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai, kuma za a ga ko hakan zai sa a karkata daga gini zuwa bincike.

Na biyu shi ne ko majalisar bincike da ƙirƙira za ta samu doka da asusu na kanta, wanda malamin jami'a da ma'aikacin cibiyar bincike da ɗan kasuwa za su iya nema bisa gasa, a kuma riƙa bayyana wa jama'a wanda ya samu da abin da ya samar.

Na uku shi ne sayayyar gwamnati. Idan ma'aikatun lafiya da noma na tarayya da na jihohi suka ɗaure wa kansu sayen magani da iri da injunan da aka samar a gida matuƙar sun cika sharuɗɗan inganci, kamfanoni za su ga dalilin zuba jari.

Na huɗu shi ne bayani. NASENI da NITDA za su ci gaba da samun kaso daga ribar kamfanoni, kuma masu biyan harajin na da haƙƙin sanin abin da kuɗin suka haifar, a alƙaluma ba a bikin ƙaddamarwa ba.

Ga manomin wake a Dambatta ko uwar da ke jinyar ɗa mai sikila a Gusau, sunan ma'aikatar da ke riƙe da wace hukuma ba shi ne damuwa ba. Abin da zai nuna musu tsarin ya gyaru shi ne su je shagon iri ko kantin magani su tarar da kayan, a farashin da za su iya biya, bana da baɗi.